Matambayi Ba Ya Ɓata: Kuɗin tallafi sun bar Abuja, wa ya ga isowarsu?

Wasiƙun wannan wata, in aka ɗebe biyu na rigimar gado, duk a kan tallafin gwamnati suke. Na zaɓi huɗu. Kamar yadda muka saba, na cire sunaye da lambobin waya, na kuma rage wa wasu tsawo.

Sunana yana ciki, to ina kuɗin?

*Assalamu alaikum Hajiya. Ɗana ne ke rubuta mini. Maigidana ya rasu ya bar ni da yara biyar. Zamanin Buhari an zo garinmu aka tara mu a ƙofar gidan mai gari, aka rubuta sunana cikin masu ƙaramin ƙarfi. Na karɓi dubu goma-goma 'yan lokuta, sai abin ya tsaya cak. Da aka ce an dawo da dubu ashirin da biyar, maƙwabciyata ta ga alat, ni shiru. Yaron ya je ya tambaya, aka ce masa sunana yana ciki. To in yana ciki, ina kuɗin? Akwai mai dubawa ko suna isowa hannunmu, ko dai ci ake da sunanmu?*

*Uwar marayu, daga wani ƙauye a ƙasar Daura*

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari.

Wanda ya ce wa ɗanki sunanki yana ciki, wataƙila gaskiya ya faɗa, domin jerin sunayen biyu ne, kuma ba hannu ɗaya ke riƙe da su ba. Na farko shi ne rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa, wadda ofishin NASSCO ke kula da ita daga Abuja, kowace jiha kuma da ofishin da ke tattara nata sunayen. Taron da kika tuna a ƙofar gidan mai gari na wannan rajistar ne. Ana ware maza, a ware mata, a ware matasa, kowane ɓangare ya faɗi gidajen da yake ganin sun fi shiga matsi, a haɗa jerin wuri guda, sannan masu ɗaukar bayanai su bi gida-gida da na'ura suna tambayar rufin ɗaki, ruwan sha, dabbobi da yawan masu ci daga tukunya ɗaya. Na biyu shi ne jerin waɗanda ake biya, wanda wani ofishin daban mai suna NCTO yake tsamowa daga rajistar gwargwadon kuɗin da ke ƙasa. Shiga rajista ba alkawarin biya ba ne. Tun ranar taron ya kamata a faɗa muku haka ɓaro-ɓaro.

Dubu goman da kika riƙa karɓa naira 5,000 ce ta kowane wata, ake haɗa wata biyu. Shirin ya faro ne a 2016 da rancen dala miliyan 500 daga Bankin Duniya, daga baya aka zuba masa dala miliyan 322.5 na kuɗin Abacha da ƙasar Suwizalan ta maido. Na dubu ashirin da biyar kuwa Shugaba Tinubu ne ya ƙaddamar a Oktoban 2023, bayan janye tallafin mai, aka ce gidaje miliyan 15 za su samu har sau uku. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu bisa zargin neman a tura naira miliyan 585 cikin wani asusu na ƙashin kai, aka kuma tsayar da shirye-shiryen gaba ɗaya. Da aka dawo, sai aka matsa kan sharaɗin lambar NIN ta katin ɗan ƙasa da asusun da kuɗin za su faɗa.

A nan ne mata irinki da yawa suka zame. Mace a ƙasarmu tana iya zama da suna uku: ranar taro ta ba da wanda ake kiranta da shi a gida haɗe da na mijinta, wurin yin katin ɗan ƙasa ta ba da na yanka haɗe da na mahaifinta, a banki kuma ma'aikaci ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Indo a nan, A'isha a can, kwamfuta kuwa ba ta san mutum ɗaya ba ce. Ga kuma layin waya. In wanda aka rubuta miki ya ɓata ko ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani na iya sayar wa wani, saƙonki ya riƙa faɗawa wayar wanda bai san ki ba. Akwai kuma masu ci da sunan mutane, ba na musun wannan, amma kafin a kai can a fara duba waɗannan biyun.

Kin tambaya ko akwai mai dubawa. A rubuce akwai, har sun yi yawa: jami'an bibiya a Abuja da jiha da ƙaramar hukuma, masu binciken kuɗi, wakilan masu ba da rance, teburin karɓar ƙorafi. Inda gizo ke saƙar shi ne mafi yawan lissafinsu a kalmar "an tura" yake tsayawa. Banki ya nuna kuɗi sun fita, a rubuta gida kaza sun amfana, a rufe fayil.

Na daɗe ina aikin ɗaukar bayanai wa ƙungiyoyi a ƙauyukan jihar nan. A wani shiri da ba zan kama sunansa ba, fom ɗin da aka ba mu tambaya ɗaya ce a kan biya: kin karɓi na wannan wata, e ko a'a? Na shiga wani gida na tarar da matar tana surfe. Ta shimfiɗa mini tabarma, na tambaye ta, ta ce e, alhamdu lillahi, Allah ya saka. Da hira ta miƙa na ce, nawa aka ƙirga miki a tafin hannu? Sai ta ajiye taɓarya ta yi shiru, can ta faɗi abin da bai kai kashi biyu cikin uku na kuɗin ba. Wayar tana hannun ƙanin mijinta, katin ma haka. Shi ke hawa babur zuwa garin da ake cin kasuwa, mai POS ya cire nasa, ɗan acaɓa ya karɓi nasa zuwa da dawowa, shi ma ya ɗauki na wahala, ragowar ya kawo. Ba ta taɓa sanin ainihin nawa ake turo mata ba, don haka ba ta ga abin ƙorafi ba. A takardar da ta tafi ofis, wannan baiwar Allah tana cikin waɗanda aka biya cif-cif. Kuma da namiji aka tura, a zaure zai tsaya, ƙanin mijin ne zai amsa masa.

Shi ya sa kullum nake cewa bin sawu ta fuska biyu ake yinsa. Ka ɗauki jerin sunaye ka tafi neman mutanen, wannan zai fito maka da sunayen bogi da matattu da waɗanda ake yankar musu. Amma ba zai taɓa kai ka gidan wadda ba ta cikin jerin ba. Sai ka ajiye takardar, ka shiga gari ka fara daga ƙofar farko, kana tambayar kowane gida, sannan ka koma ka ga wa ke ciki, wa aka tsallake. Na farkon ake ɗan yi, don shi ne ke kare kuɗin gwamnati. Na biyun, wanda shi zai gano irinki, yana da tsada da cin lokaci, kuma sakamakonsa ba ya yi wa kowane ofis daɗin ji.

Ga abin da za ki yi. Ɗanki ya ɗauki takardar NIN ɗinki da layin da kike amfani da shi yanzu, ku tafi tare wurin jami'in shirin a sakatariyar ƙaramar hukumarku. Kada ya tsaya a "yana ciki". Ya tambaya: a cikin wane jerin, na rajista ko na biya? Wane suna da wace lambar waya aka rubuta? In an taɓa tura kuɗi, wane asusu suka shiga? Ku nemi a rubuta ƙorafin a gabanku da kwanan wata, shi ma ya rubuta a nasa littafin. Shiga rajista da gyaran suna ba a biyan ko sisi. Duk wanda ya ce ki kawo na goro, ko ki ba shi katinki da lambar sirri zai taimaka miki, ki riƙe kayanki.

Da me zan auna tsarin sa idon kansa?

*Anti, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe, sashen tattalin arziki, a nan Katsina. Malamina ya amince in yi bincikena a kan yadda gwamnati ke bibiyar shirye-shiryen tallafi. Na karanta takardun manufofi har kaina ya yi zafi, kuma duk da kyau aka tsara su. Ta yaya zan gane ko tsarin yana aiki? Kuma an taɓa tabbatar da cewa raba kuɗi yana rage talauci, ko siyasa ce kawai?*

*Ɗalibinki, daga Ƙofar Ƙaura*

Ɗana, Allah ya ba da sa'a. Takardu kam ba mu rasa su ba. An amince da manufar kare marasa ƙarfi ta ƙasa a 2017, aka kafa ma'aikatar jinƙai a 2019, aka amince da manufar bibiya da tantance ayyukan gwamnati a 2022, a 2023 kuma aka yi dokar da ta kafa NSIPA, hukumar gudanar da shirye-shiryen tallafi ta ƙasa. In da takarda za ka auna, maki mai kyau za ka bayar.

Ka fara raba ayyuka biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai bin sawu na yau da kullum: kuɗi sun fita, sun isa, a kan lokaci, cikakku, ga wanda aka nufa? Akwai kuma awon tasiri, wanda ake yi jefi-jefi: me ya canja a gidan nan wanda da ba don kuɗin ba ba zai canja ba? Rahoton da ya ce an biya gidaje miliyan kaza, ko na farkon bai gama amsawa ba, balle na biyun.

Tambayar da zan sa a gaba, in ni ce kai, ita ce wa ke biyan mai duban. A 2021 ma'aikatar jinƙai, ƙarƙashin Sadiya Umar Farouq, ta ɗauki matasa 5,000 a faɗin ƙasa a matsayin masu sa ido masu zaman kansu, aka raba musu na'urori, da alawus ɗin naira 30,000 a wata. Tunanin ba laifi. Sai dai ma'aikatar da ke gudanar da shirin ita ta ɗauke su, ita ke biyansu, ita ke karɓar rahotonsu, ita kuma ke da ikon sallamarsu. Kai da kake makaranta, an taɓa miƙa maka takardar jarrabawarka aka ce ka duba wa kanka? Ka gwada wannan da kuɗin Abacha. A yarjejeniyar Disambar 2017, Suwizalan ta gindaya cewa Bankin Duniya zai sa ido, ƙungiyoyin farar hula kuma, a ƙarƙashin jagorancin ƙungiyar ANEEJ mai hedikwata a birnin Benin na jihar Edo, suka riƙa zuwa wurin masu karɓa suna tambayarsu kai tsaye, suna buga abin da suka gani. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sai da baƙo ya sa sharaɗi aka yi hakan.

A kan ko raba kuɗi yana aiki, an gwada, kuma da awo. Meziko ta fara shirin Progresa a 1997. Kuɗin ba za su isa kowane ƙauye lokaci ɗaya ba, sai suka ɗauki ƙauyuka 506, aka yi ƙuri'a, 320 suka fara karɓa, 186 suka jira zuwa gaba. An auna duka tun kafin a biya kowa, aka ba masu bincike na waje aikin. Sakamakon ya nuna ƙarin yaran da ke zarcewa sakandare, musamman 'yan mata, da raguwar rashin lafiyar ƙananan yara. Da mulki ya koma hannun wata jam'iyya a 2000, sabuwar gwamnati ba ta rushe shirin ba, suna ta canja masa ta faɗaɗa shi, saboda hujjar tana hannun kowa. Dokar 2004 kuma ta haifar da hukumar CONEVAL, wadda malaman jami'a suka riƙa zama a majalisarta, aikinta auna talauci da tantance shirye-shirye, ba ta raba wa kowa ko kwabo. Daga baya gwamnatin ƙasar ta rushe ta, ta miƙa aikin ga hukumar ƙididdiga, don ka san ko a can mai faɗin gaskiya ba ya zama lafiya.

Ba ma sai ka tsallaka teku ba. A maƙwabtanmu Jigawa da Zamfara an yi wani shiri daga 2013 zuwa 2019 da kuɗin gwamnatin Birtaniya, ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar, a ƙananan hukumomin Buji, Gagarawa, Kiri Kasamma, Anka da Tsafe. Ana ba mai juna biyu naira 3,500 a wata har ɗanta ya cika shekara biyu, tare da wayar da kai kan shayarwa da abincin yara. Ƙauyuka 210 aka sa cikin awon, wasu aka fara da su, wasu aka jinkirta, shi ma ta ƙuri'a. An samu raguwar tsumburewar yara, matan kuma suka ƙara kama sana'a da kiwo. Za ka ji masu cewa zalunci ne a sa wani ƙauye jira don bincike. Ai ko ba bincike wani zai jira, tunda kuɗin ba sa isa. Bambancin kawai, ƙuri'a ce za ta zaɓa ko wa-ka-sani.

Abin lura a duka biyun, tun kafin a biya naira ta farko aka shirya awon. Shirin da aka ƙaddamar da gaggawa don kwantar da hankalin jama'a, ba a ɗauki bayanin halin da gidaje suke ciki ba, bayan shekara biyu ba mai iya rantsuwa kan abin da ya canja.

Sai shekarun rajistar. Talauci ba ya zama wuri ɗaya: ana mutuwa, ana haihuwa, ana saki, gobara na tashi, wani kuma Allah ya buɗa masa. A Birazil, gidan da ke cikin rajistarsu ta Cadastro Único dole ya sabunta bayanansa aƙalla duk wata 24. Mu a nan ka dubi Batsari, Jibiya, Safana, Ƙanƙara da Faskari, inda 'yan bindiga suka tashi garuruwa sukutum. Wanda aka rubuta a matsayin manomi mai shanun huɗa, yau yana raɓe a kangon wani a bayan gari a Katsina. Shekarar da aka yi rajistar bai cancanta ba, yau ya fi kowa cancanta. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan har wajen wata uku. Tsarin da ya dogara da alat da kiran waya don tabbatar da biya, a wannan lokacin makaho ne a daidai inda aka fi buƙatar ido. Duk rahoton da ka karanta, ka nemi shafin da ya lissafa gundumomin da ba a iya shiga ba. In babu shi, ka rage wa rahoton daraja.

A Yulin 2023 majalisar tattalin arziki ta ƙasa, wadda gwamnoni ke ciki, ta ce ba ta yarda da sahihancin rajistar ba, Gwamna Soludo na Anambra ne ya yi wa 'yan jarida bayani. Masu rajistar suka kare kayansu. A ganina kowanne da ƙamshin gaskiyarsa, amma ba da cacar baki ake raba irin wannan gardama ba. Jihar Katsina gunduma 361 gare ta a ƙananan hukumomi 34. A zaɓi wasu ta ƙuri'a, a ba hukumar ƙididdiga ko jami'o'inmu na Katsina da Dutsin-Ma su bi ƙofa-ƙofa, a fito da adadi: cikin ɗari nawa ne na bogi, nawa suka rasu ko suka tashi, nawa ne mabuƙata da aka tsallake. Daga nan a san gyara za a yi ko sabon zubi. Yayyaga rajista duk lokacin da gwamnati ta canja asarar kuɗi ce, kuma sabuwar ma wani zai zo ya ce ta 'yan jam'iyya ce.

Ma'auni mafi tsauri shi ne: an taɓa canja wata shawara saboda rahoton masu bibiya? Ga misalin da za ka iya lissafawa da kanka. Naira 5,000 a 2017, lokacin da dala take wajen naira 305 a farashin gwamnati, kimanin dala 16 ce. Haka aka bar ta shekara da shekaru kaya suna tashi. Naira 25,000 a 2024, da dala ta haura 1,500, ita ma kimanin dala 16 ce, a shekarar da hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari. An ninka lambar sau biyar, cefanen yana nan inda yake, kuma wancan duk wata ne, wannan sau uku kacal. Sannan kuɗin na gida ne, ba na kai ba, gidan mutum uku da na mutum goma sha biyu daidai suke karɓa, alhali manyan gidaje su ne suka fi yawa cikin matalauta a Arewa. Tsarin da ke aiki zai riƙa kai farashin tiyar gero da masara teburin masu yanke shawara duk bayan 'yan watanni, kuma a ga alamar an karanta.

Alƙaluman da za ka kafa bincikenka a kai akwai su: binciken hukumar ƙididdiga na 2018 zuwa 2019 ya sa talaucin Katsina a kashi 56.4 cikin ɗari, na ƙasa 40.1, na 2022 kuma mai auna talauci ta fuskoki da dama ya ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci a faɗin ƙasa. Ka dai tuna rabonmu da ƙidayar jama'a tun 2006, duk wani kaso a kan ƙiyasi yake zaune.

Kada ka ce za ka auna Nijeriya da kuɗin aljihun ɗalibi. Ɗauki gunduma biyu, ɗaya a cikin gari ɗaya a karkara inda hanya ke da lafiya. Rubuta wa ofishin tarayya da abin ya shafa takarda a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba su kwana bakwai su amsa, ka nemi adadin gidajen da aka biya a gundumomin da ranakun biyan. Ko sun amsa ko ba su amsa ba, ka samu abin rubutawa. Sannan ka gaida mai unguwa, ka tafi da 'yar ajinku da za ta shiga cikin gida, ku nemi izini kafin kowace tambaya, kada ku rubuta sunan kowa.

Ranar da baƙi za su zo

*Malama, ni malamin firamare ne. Lokacin da ake ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku, duk ranar da masu dubawa za su zo muna sani tun kwana biyu kafin nan. Ranar abinci har da ƙwai, aji ya cika maƙil da yaran da ban taɓa gani ba. Washegari a koma gidan jiya. In aka dawo da shirin, me ya kamata a canja?*

*Wani malami, daga shiyyar Funtuwa*

Malam, ziyarar da aka sanar, iya shirya tarbar baƙi kawai take aunawa. Tushen abin kuwa yana cikin tsarin biyan: kuɗi na bin yawan sunayen da ke rajistar aji, don haka kowa yana da riba in rajistar ta kumbura. Maganinsa a zo ba sanarwa, a ƙirga kawunan da ke zaune a gwada da rajista, a ja yaro gefe a tambaye shi me ya ci jiya da shekaranjiya. Kwamitin iyaye na makaranta ya ajiye littafi, kullum uwa ɗaya ta sa hannu ko ta dangwala cewa abinci ya zo, ga irinsa, ga yawan waɗanda suka ci.

Amma a yi wa masu dafawa adalci. Naira 70 aka fara ware wa kowane yaro, daga baya ta koma 100. Matar da aka ba wannan, wani lokacin ma a makare, aka ce ta kawo abinci mai gina jiki, in ta tsinka miya ba ita kaɗai ce mai laifi ba. Littafin nan ya ƙunshi ranar da kuɗinta suka shigo.

A liƙa sunayen a ƙofar masallaci?

*Hajiya, ni mai unguwa ne. Duk rabon da aka yi, ni ake zagi, wai na sa matana da dangina. Wallahi wani jerin ma ban san lokacin da aka rubuta shi ba. Ina ganin a riƙa liƙa sunayen duk masu karɓa a ƙofar masallacin Juma'a kowa ya gani, in huta. Me kika gani?*

*Mai unguwa, daga cikin garin Daura*

Ranka ya daɗe, na fahimci zafin, kuma rabin shawararka na karɓa. Ɓoye-ɓoye shi ke haifar da zargi. Amma liƙa suna da adadin kuɗi a bango yana da nasa haɗarin. Akwai dattijon da ya gwammace ya kwana da yunwa da a karanta sunansa cikin mabuƙata a gaban surukansa. Akwai matar da in mijinta ko mai binta bashi ya ga ranar biya, kuɗin sun tafi. A yankunan da ake fama da masu kai wa 'yan bindiga rahoto kuwa, wannan takarda jagora ce. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta taƙaita yadda ake baza bayanan mutum ba da yardarsa ba.

Abin da za a liƙa shi ne lissafi: gunduma kaza, gida nawa ke rajista, nawa aka biya a wannan zagaye, nawa kowanne ya kamata ya karɓa, ran nawa ga wata, ƙorafi nawa aka kawo, nawa aka warware. A faɗa a rediyo ma, don masu karatun boko ba su ne suka fi yawa cikin masu karɓa ba. Macen da ta ji a rediyo cewa dubu ashirin da biyar ne, ba mai kawo mata sha takwas ta yi godiya. Sunaye kuma a karanta su a taron unguwa lokacin tantancewa, na mata a taron mata, inda za a iya cewa wance ta rasu, wane ya koma Kano, an manta da gidan wane.

Wata maganar kuma, ka yi mini afuwa. Bai kamata ƙorafi ya bi ta hannunka kaɗai ba, ko ta hannun kansila, tunda wani ƙorafin a kanku ne. In akwai wata ƙofar, ko malamar asibiti ko shugabar ƙungiyar mata ko lambar waya kyauta, kai ma ta wanke ka.

Kafin nan, ka sa magatakardanka ko wani ɗanka mai karatu ya buɗe littafi: wa ya rasu, wa aka saka, wa ya tashi, wane ɗan gudun hijira ya sauka a gidan wa, da watan da abin ya faru. Liman da wakiliyar mata su riƙa sa hannu duk ƙarshen wata. Ranar da masu sabunta rajista suka zo, ka miƙa musu kwafi, ka riƙe na asali.